Gangar Ubana A Mangazar Gujiya

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Akwai jikokin da sai an tuna mini sunansu, akwai garuruwan da na yi kiɗa a cikinsu amma yau ko hanyarsu ba zan iya kwatantawa ba. Abu ɗaya ne ya ƙi tafiya, wato wata ranar kasuwar Dumega a zamanin Nasara, shekaru kaɗan kafin ƙasa ta samu mulkin kai. Wannan rana kam ba zan manta da ita ba sai ƙasa ta rufe mini ido.

Ni makaɗin noma ne, ɗan makaɗin noma. A ƙauyenmu, nan kusa da Dumega, kowane babban gidan manoma yana da makaɗinsa, kuma yana da takensa, wato kiɗan da ba a yi wa kowa sai mutanen wannan gida. In aka buga taken gida, duk wanda ya haɗa jini da su, ko ya auri 'yarsu, ko ya taɓa cin tuwon gayyarsu, dole ya ajiye abin da yake yi ya fito. Ba a tambayar dalili, sai an zo ake ji. Mu gidan da muka gada muna yi wa kiɗa yana gabas da rijiya. Kakana ya yi wa kakansu, ubana ya yi wa ubansu, ni kuma na tashi tare da ɗansu. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, tabarma ɗaya muka yi jinya a kanta.

Da Nasara ya ce a kawo yara lakwal, wato makarantar boko, manya suka ɓoye nasu, aka kama abokin nan nawa aka tafi da shi Dogon Dutsi, daga can kuma Yamai. Ya dawo da wando mai aljihu da alli a hannu, yana koyarwa a Tibiri, kowa yana ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da bakin Nasara. Ni ma Mushe nake ce masa, amma da tsiya nake faɗa, shi kuma ya ce mini sarkin hayaniya. Mutum ne siriri, muryarsa ƙarama, irin wadda ta saba da ɗakin aji. In yana magana a fili sai ka matso.

A shekarar da nake ba da labarinta ne aka ce za a yi wote, wato a zaɓi waɗanda za su je majalisa a Yamai, kuma a karon nan har mata za su jefa takarda. Mutum biyu aka fi ji a wajenmu. Ɗaya wani attajiri ne na Dutsi, wanda kusan duk gujiyar ƙasarmu a hannun yaransa take ƙarewa. Ɗayan kuwa Mushe. Maganar Mushe ba ta da yawa. Yana so a kafa sikelin jama'a a kowace kasuwa, wanda ba na mai saye ba, domin manomi ya ga nauyin kayansa da idonsa kafin a yi masa ciniki. Yana kuma so mutane su sani cewa in ka shiga rumfar zana ranar zaɓe ka sa takardar wanda kake so a ambulan, ba sarki, ba kumandan, ba attajirin da zai san wadda ka sa. Magana biyu ke nan, kuma duk wanda ya ji su zai gane. Sai dai a fara jin su tukuna.

Ni a lokacin ubana bai cika shekara da rasuwa ba, gangar noma ta dawo hannuna. Damina ta yi mana gardama, rumbu ya yi ƙasa tun bazara ba ta shigo ba, ga mata da goyo, ga ƙannena biyu. Ba ina faɗin wannan don a wanke ni ba ne. Akwai waɗanda rumbunsu ya fi nawa ƙasa a shekarar, kuma ba su yi abin da na yi ba.

Wata hantsi ina gyaran darni sai ga wakilin attajirin a kan doki, jaki yana bin sa da buhu biyu na hatsi. Ya sauka, ya gaishe ni gaisuwar da ba a taɓa yi mini irinta ba.

"Sarkin kiɗi, maigida na gaishe ka. Ya ce ɗiyan makaɗa ba su kwana da yunwa shina Arewa."

Na yi godiya, na ce to wace rana ake so in zo in yi kiɗan. Sai ya yi dariya.

"Wa ac ce maka kiɗi? Muna da makaɗanmu, sun ishe mu. Kai hutawa za ka yi. Ka kawo gangar mu aje maka Tibiri, in an gama wote ka zo ka ɗauki abinka."

"Ƙaƙa a biya mutum don shi zamna?" in ji ni.

"Ai kai ka yi sa'a. Wasu da zuhwa suka samun nasu."

Wallahi a ranar gani na yi na samu banza. Na ce a raina, wane irin wawan mai kuɗi ne wannan, da zai ba da hatsi a kan aikin da ba a yi ba? Ashe wawan yana tsugune a bakin darni. Wakilin ya fito da gatarin aradu daga jakarsa, ya ce in dafa in rantse cewa ba zan buga ganga ba, ba zan yi kirari ba, ba zan yi shela ga kowa ba sai an ƙidaya takardu. A wajenmu a lokacin, mutum kan yi wata rantsuwar ya nemi hanyar warwarewa, amma ban da ta aradu. Na dafa. Mushe ya faɗo mini a rai, ba zan ce bai faɗo ba, amma na ce ai shi ɗan lakwal ne, da takarda zai yi yaƙinsa, me zai yi da gangar noma?

Matata ta fito ta ga buhuna, ta ji yadda aka yi. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "To gidan gabas hwa? In sunka kira ka, mi za ka ce musu?" Na daka mata tsawa na ce ta je ta yi daka. Ta yi dakan kuwa, kuma duk muka ci.

Kashegari na ɗaura gangar a jaki na nufi Tibiri. Wani mai gadi ya buɗe mini mangaza, wato ɗakin da suke tara gujiya. Da idona ya saba da duhun ɗakin sai na ga abin da ke ciki. Ganguna ne jibge a kan buhuna: gangunan noma, kalangai na mahauta, kurkutu, har da gogen wani tsoho mai kiɗan bori da na sani. Na gane da yawa daga cikinsu, domin makaɗi yana gane gangar ɗan'uwansa kamar yadda makiyayi yake gane saniyar maƙwabci. A nan na fahimci cewa ba ni kaɗai aka bi ba, gari gari aka bi. Wanda ake so aka ɗauka, wanda ba a so aka biya shi ya yi shiru. Na ajiye gangar ubana a gefe, na juya fatar ta kalli bango don kada ɓera ya samu ta sauƙi, na fito. Duk hanyar komawa kafaɗata ta hagu tana neman maratayin gangar.

Bayan kwana huɗu Mushe ya zo a kan kekensa. Tun daga ƙofa yake kira, "Ina sarkin hayaniya? Hito, aiki ya samu!" Ya zauna a kan turmi, ya sha ruwa, ya ce ranar kasuwar Dumega zai yi magana, yana so in buga masa taken gidansu tun da hantsi. Ya ce ya zaga gari uku yana neman mai shela bai samu ba, kowa sai ya ce ba shi da lafiya, amma bai damu ba tunda yana da nasa na gida.

Na gaya masa. Ban iya kallon fuskarsa ba, ƙafar kekensa nake kallo.

Sai ya ce, "Nawa anka ba ka?"

"Buhu biyu."

"Sun yi maka adalci. Makaɗin Tibiri guda anka ba shi."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai ya shiga ba ni labari kamar ba ni ne na yi laifin ba. Ya ce da ya ga abin ya yi yawa ya hau mota ya je Dutsi wajen kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya kai ƙara. Kumandan ya buɗe littafin doka ya nuna masa cewa an hana raba kuɗi a bakin rumfar zaɓe, kuma an ba kowane ɗan takara allo ɗaya a ƙofar biro, wato ofishinsa, faɗi ɗaya, tsawo ɗaya, ya manna takardarsa. Har da awo aka auna allunan don kada a cuci kowa. Batun kyautar da mutum ya yi wa makaɗi kuwa, ya ce wannan al'adarku ce, doka ba ta san da ita ba.

"Allo ɗai-ɗai," in ji Mushe, yana murmushin takaici. "Cikin ƙasar da masu karatun ba su cika ɗakin aji guda ba. Tawa takardar ma awaki sun cinye ta, don da ƙullu anka manna."

Da zai tafi ya ce, "Ba ni cewa ka karya rantsuwa, ban son aradu ta hwaɗo ma ɗiyanka. Amma ba ka rantse ba ka tsayawa ba. Ka zo ka tsaya kusa gare ni kawai. In mutane sunka ga makaɗin gidanmu tsaye, sun san ni ba mahaukaci na ba."

Na ce in Allah ya so. Shi da ni duk mun san irin wannan amsa.

Dole in bayyana wa yaran yanzu abin da yake nufi, su da suka tashi da rediyo da lasifika. A wancan zamani ba a tsayawa a kasuwa haka kawai a fara magana. Sai an buga ganga, ko mai shela ya yi kira, sannan jama'a su san magana ce ta mutane. Wanda ya tsaya shi kaɗai yana ɗaga murya, ba kiɗa ba mai gabatarwa, ɗayan biyu ne: ko mahaukaci, ko wanda iska suka hau. Attajirin ya san haka sarai. Bai hana Mushe magana ba, bai sa an taɓa shi ba, ko zaginsa bai yi ba.

Ranar kasuwa na je. Na sa rigata mai kyau, da niyyar in tsaya. Amma ina shiga na hangi wakilin nan zaune a rumfar masu goro, ya ɗaga mini hannu yana murmushi, sai ƙafata ta kai ni bayan rumfar wani mai gishirin Foga, na tsuguna kamar mai ciniki. Daga nan ina ganin gindin gawon da ke tsakiyar kasuwa ta tsakanin zana.

Mushe ya jingine kekensa, ya hau wani kututture, ya cire hula. Ya duba dama, ya duba hagu, na san wanda yake nema. Sannan ya fara. Ina ganin bakinsa yana motsi, amma ko ni da na kasa kunne ba na jin komai sai kukan jakuna da cinikin mata. Mutane suna wucewa ta gabansa da kaya a ka. Wata Bafillatana mai nono ta tsaya ta dube shi, ta ce wa 'yar'uwarta, "Wayyo, karatun Nasara ya taɓa shi," suka wuce. Wasu samari suka tsaya nesa suna dariya. Ya ɗaga wani ƙaramin sikeli da ya aro don ya nuna yadda ake danne shi da yatsa, wani ya ɗauka sayarwa yake yi, ya tambaye shi nawa. Ban taɓa ganin mutum shi kaɗai a tsakiyar jama'a kamar yadda na gan shi a ranar ba.

Ana cikin haka sai ga mahaifiyarsa. Tsohuwa ce, mu duka Inna muke ce mata, ta sha ba ni fura a ludayinta. Ta zo sayar da kuka ne. Ta juye kukar a zane, ta kife ƙwaryar a ƙasa a gaban ɗanta, ta durƙusa, ta shiga bugawa da ludayi. Taken gidansu take so ta buga. Shekara hamsin tana jin sa, amma ji daban, hannu daban. Ta kama farkon daidai, sai ta ɓata wurin da ake ɗan jinkirtawa kafin a sauke bugu uku, ta koma ta sake, ta sake ɓatawa. Ni kuwa ina tsugune, yatsuna suna buga daidai ɗin a kan gwiwata ba da sanina ba. Taku ashirin ne tsakaninmu. Ko ban taɓa ƙwaryar ba, da na je na tsaya a kanta, dangi za su gane abin da ake nufi.

Mai gishirin ya leƙo ya ce, "Kai ba kai na makaɗinsu ba?"

Na ce, "Gishiri niz zaka saye."

"To saye mana, tun ɗazu kana tsugune."

Na sayi gishirin da ba na bukata.

Mutum biyar ko shida na dangi sun gane, sun matso, suna sunkuyar da kai don kunya. Mushe ya sauko ya kama hannun uwarsa ya ce, "Bari, Inna, ya isa." Ta fizge ta ci gaba. Ana haka aka ji ƙugin mota daga hanyar Tibiri. Babbar mota ce, a bayanta makaɗan da aka zaɓa, da kalangai da algaita da maroƙa, ana watsa goro. Kasuwa ta tashi gaba ɗaya ta bi ta, har waɗancan biyar ɗin. Ban ga laifinsu ba, haka kunnenmu ya saba. Aka bar uwa da ɗa a gindin gawo, yana taya ta kwashe kukar da aka tattake. Ni ma na fita ta bayan kasuwa, na bi ta gonaki don kada mu haɗu a hanya.

Aka yi zaɓe, attajiri ya ci. Ba zan yi ƙarya in ce da na buga ganga Mushe zai ci ba. Wataƙila da an ji shi ma a ƙi shi, mutane suna da dalilansu. Abin da na sani shi ne ba a ƙi maganarsa ba, ba a ji ta ba ne. Mata da yawa a ƙauyenmu sun fito daga rumfa da sauran takardun da ba su sa a ambulan ba a ƙulle a bakin zane don su nuna wa wakili wanda suka zaɓa, saboda ba wanda ya gaya musu ba dole ba ne. Matata ma haka ta yi.

Kafin ruwa ya sauka aka ɗauke Mushe aka kai shi wata lakwal can gabas mai nisa. Bai zo sallama ba, ni ma ban je ba. Na koma Tibiri na karɓo gangata, lafiya lau, ko ɓera bai taɓa ta ba, sai warin gujiya. Damina ta zo, na yi kiɗan gayya a gonakin wasu, an biya ni. Ba wanda ya ce mini komai a gari, domin kowa ya ci wani abu a zaɓen nan, wani goro, wani sukari, wani turmin zane. Amma gidan gabas suka yi gayyarsu ba ganga. Ina jin ƙarar hauyoyinsu daga gonata, na yi ta jiran ɗan aike har rana ta karkata. Na zauna a gindin kalgo ni kaɗai, gangar tana gefena, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne ubana.

Da kaka ta yi, al'ada ce kowane gida ya kai wa makaɗinsa dami ɗaya na hatsi. Ban sa rai ba. Wata safiya sai ga Inna da kanta, dami a ka, tana tafe tana hutawa. Na ruga in sauke mata, ta ce in bari. Ta sauke shi da kanta a ƙofar gidana, ta daidaita numfashi.

"Inna, ban yi muku aikin komi ba bana," na ce.

"Na sani. Wanga na ubanka na. Ya yi muna kiɗin shekara da yawa, bai ga kakar bara ba. Na kawo mashi nashi." Ta gyara ɗankwalinta. "Kai kau an riga an biya ka."

Ta juya ta tafi. Daga wannan shekara ba a sake kawo dami daga gidan gabas ba, ba a kuma sake kirana ba, ko suna ko biki. Mushe ya yi aikinsa a can, ya yi iyali a can, ya rasu a can. Sau ɗaya muka haɗu a tashar Dosso, ya gaishe ni da mutunci, ya tambayi iyali, ya ce mini malam, ba sarkin hayaniya ba.

Yanzu in lokacin zaɓe ya zo ina jin masu ilimi a rediyo suna gardama a kan kuɗin yaƙin neman zaɓe, wasu su ce a sa iyaka, wasu su ce mai abu ya yi yadda ya so da abinsa. Ni ban yi lakwal ba, sai yaƙi da jahilci da na yi da furfura. Amma na ga abin ta ciki, don ni aka saya. Abin da na koya shi ne, kuɗin da ya fi ɓarna a zaɓe ba wanda ake kashewa don a ji mai shi ba ne, wanda ake kashewa don kada a ji ɗayan ne, kuma shi ba ya ƙara, ba ya barin shaida. Duk dokar da za a yi, a fara tambaya ta ina mutanen wurin suke jin magana, a raba wannan daidai, a kuma hana mutum ɗaya saye shi duka. In ba haka ba an auna allo ne kawai. Ga wanda kuma aka zo masa da buhu har gida aka ce ba a son komai sai ya zauna, ya tashi ya duba wanda zai tsaya shi kaɗai saboda zaman nasa. Ni hatsina wata biyu ya yi ya ƙare, abokina kuwa ban sake samun sa ba.